Minoru Yamasaki: Mutumin da Aka Rushe wa Gini Sau Biyu a Gaban Duniya

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2001 yana iya gaya maka inda yake ranar 11 ga Satumba, sa'ad da talabijin ya nuno tagwayen benayen Cibiyar Kasuwanci ta Duniya suna zubewa a New York. Amma tara mutum goma a majalisarmu ka tambaye su wa ya zana benayen, da ƙyar ka sami guda da zai kawo sunan. Minoru Yamasaki ake ce masa, ɗan wasu 'yan ci-rani daga Japan. Kuma wannan ba shi ne karo na farko da duniya ta kalli aikinsa yana komawa ƙura ba. Shekara 29 kafin nan, a 1972, hukuma da kanta ta dasa nakiya a gidajen talakawa da ya zana a birnin St. Louis, ta tashe su, masu kyamara suna ɗauka.

Na daɗe ina juya labarin mutumin nan a raina. Ta wani gefen, labarin 'ya'yanmu ne da aka haifa a nan, masu fasfo na ƙasar amma kullum ana tambayarsu daga ina suke. Ta ɗaya gefen kuma, da yawanmu a irin gidajen da ya zana muke kwana muke tashi, ko a Bronx, ko a Landan, ko a bayan garin Paris: dogon bene, lif mai yawan yajin aiki, matakala mai duhu. To idan irin wannan gida ya lalace, wa za a kama? Mai zane, mai kuɗi, ko mazauna? A ganina rayuwar Yamasaki ta amsa wannan tambaya fiye da yadda shi ya amsa ta da bakinsa.

An haife shi ranar 1 ga Disamba 1912 a Seattle, can arewa maso yammacin Amurka. Mahaifinsa ma'aikacin sito ne a wani kantin takalma. Wani kawunsa mai zanen gini ne ya nuna masa takardun aikinsa, yaro ya gani ya ce shi ma wannan sana'a zai yi. Kuɗin makaranta kuwa babu. Duk hutun bazara sai ya hau jirgin ruwa zuwa Alaska ya yi ƙwadago a masana'antun da ake zuba kifi a gwangwani, aikin da 'ya'yan baƙi ne suka fi yin sa saboda wahalarsa da ƙarancin ladansa. Da wannan gumi ya gama Jami'ar Washington a 1934, ya tattara ya tafi New York a daidai lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe. Aikin farko da ya samu shi ne naɗe tangaran a takarda a wani kamfanin shigo da kaya. Wanda ya zo ƙasar nan da digiri a jaka ya fara da wanke kwano ko tuƙin tasi ya san ɗanɗanon wannan. A hankali ya kutsa ofisoshin masu zane, har ya yi aiki a kamfanin da ya zana benen Empire State.

Ya yi aure ranar 5 ga Disamba 1941. Kwana biyu bayan ɗaurin auren Japan ta kai hari Pearl Harbor. Cikin 'yan watanni gwamnatin Amurka ta kwashe mutum wajen 120,000 masu asali daga Japan da ke gaɓar yamma, akasarinsu haifaffun ƙasar, ta tsare su a sansanoni bayan waya. Yamasaki ya yi maza ya ɗauko iyayensa daga Seattle ya cusa su a ɗan ƙaramin gidansa na New York, da haka suka tsira. A 1945 wani babban kamfani a Detroit ya ɗauke shi shugaban masu zane. Ga albashi, ga muƙami, amma da ya nemi gida a unguwannin masu hali sai aka nuna masa ba a sayar wa irinsa. A wani tsohon gidan gona a Troy, bayan gari, ya ƙare. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A 1949 ya buɗe ofis da abokansa biyu, George Hellmuth da Joseph Leinweber, kuma ba a jima ba suka sami kwangilar Pruitt-Igoe a St. Louis. Sunan kansa labari ne. Wendell Pruitt baƙar fata ne matuƙin jirgin yaƙi, William Igoe kuma Bature ne tsohon ɗan majalisa, domin tun a takarda an raba unguwar biyu, ɓangaren baƙaƙe da ɓangaren farare. Zanen farko na Yamasaki ya gauraya dogayen benaye da gajeru, da fili da bishiyoyi a tsakani. Hukumar gidaje ta tarayya ta ce kuɗin ya yi yawa. Abin da aka gina a ƙarshe tsakanin 1954 da 1956 shi ne benaye 33 iri ɗaya sak, kowanne hawa 11, gidaje 2,870 a kan eka 57. An zaftare filayen wasan yara da shuke-shuke, an sa ƙofofi da makullai da famfuna mafi araha.

Dabaru biyu ne aka yi ta yabo a mujallun masu zane a lokacin. Na ɗaya, lif ba ya tsayawa a kowane hawa, sai a na 1, na 4, na 7 da na 10. Sauran mutane su ƙarasa da ƙafa. Na biyu, a hawan da lif ke tsayawa an yi doguwar baranda mai faɗi, da ɗakin wanki a gefe, wai nan mata za su haɗu su yi hira yara suna wasa, kamar tsakar gida a sararin sama. Mutanen da suka fara tarewa, waɗanda suka fito daga ɗakunan haya marasa ruwan zafi da banɗaki, sun yi murna ƙwarai. Shirin fim na 2011 mai suna The Pruitt-Igoe Myth ya nuna tsofaffin mazauna suna tuna shekarun farko da ƙauna, wasu har da hawaye.

Me ya faru to? Dokar gidaje ta 1949 ta tanadi cewa gwamnatin tarayya za ta biya kuɗin gini, amma gyara da shara da gadi da albashin ma'aikata duk daga kuɗin haya za su fito. Lissafin ya dogara ne a kan gidajen za su cika da ma'aikata masu albashi. Sai garin ya fara zubar da mutane. St. Louis tana da mutum sama da 850,000 a 1950, zuwa 1970 sun koma wajen 620,000. Masana'antu sun ƙaura, farare sun koma sababbin unguwannin bayan gari inda baƙi ba ya samun shiga. Da kotu ta haramta wariya a gidajen gwamnati, fararen suka ƙi zama, unguwar ta zama ta baƙaƙe matalauta kusan zalla. Ga kuma wata doka ta jin-ƙai mai ban takaici: iyalin da ke karɓar tallafi ba a yarda magidanci mai lafiya ya zauna tare da su ba. Ka ji fa. Hukuma ta kori iyaye maza daga gida da hannunta, sannan ta dawo tana mamakin yara sun gagara. Gidaje suka yi ta zama kango, kuɗin haya ya ragu, gyara ya tsaya, aka ƙara wa waɗanda suka rage haya. Lif ya mutu ba mai tashinsa, gilashi ya fashe ba mai sauyawa, sanyin hunturu ya shiga ya fasa bututun ruwa. A 1969 mazauna gidajen gwamnati na birnin suka yi yajin biyan haya na watanni. A Maris da Afrilun 1972 aka fara tashin benayen da nakiya, zuwa 1976 babu ko ɗaya a tsaye.

Daga nan sai masana suka yi wa gawar rubdugu. Wani mai sharhi, Charles Jencks, ya rubuta a littafinsa na 1977 cewa ginin zamani ya mutu ne a St. Louis a 1972, har da sa rana da minti. Maganar ta yi daɗin faɗi, ta shiga azuzuwa, ta zauna. Ni dai ban yarda da ita ba, kuma dalilina mai sauƙi ne. Idan ka ce zane ne ya kashe Pruitt-Igoe, ka wanke ɗan majalisar da ya rubuta dokar, ka wanke bankin da ya hana baƙi bashin gida, ka wanke hukumar da ta bar lif a mace. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A New York akwai benaye masu wannan siffa da dama, na ƙungiyoyin ma'aikata da na masu matsakaicin hali, suna nan lafiya lau har gobe, saboda akwai mai biyan kuɗin gyara.

Amma kada son mutumin ya sa mu rufe ido. Wani masanin tsara birane, Oscar Newman, ya zagaya Pruitt-Igoe tana raye, ya lura da wani abu. Inda iyali biyu kaɗai ke amfani da ɗan sarari a bakin ƙofa, wurin tsaf yake. Inda iyali ashirin ke raba baranda ɗaya, wurin ya zama juji da maɓoyar 'yan ƙwace. A tsallaken titi kuma akwai wata tsohuwar unguwar gwamnati ta gajerun gidaje, Carr Square Village, mutanenta irin waɗannan ne, talaucinsu ɗaya, amma ba ta watse ba. Wannan hujja ce a kan Yamasaki, kuma mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. Zauren gidan Bahaushe a buɗe yake ga kowa, amma yana da mai shi. Baƙo in ya shigo akwai wanda zai ce masa wa kake nema. Barandar Yamasaki ba ta da maigida. Matar da ta sauka daga lif a hawa na 7 da kaya a hannu da yaro a gefe, sai ta bi matakalar da ba idon kowa a kanta kafin ta kai ƙofarta. Wannan kuskuren mai zane ne, ko da kuɗin gyara ya wadata.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne amsar da ya bayar. Da wata mujallar masu zane ta tambaye shi a tsakiyar shekarun 1960, abin da ya faɗa shi ne bai taɓa zaton mutane suna da ɓarna haka ba. Daga baya ya ce ya yi nadamar karɓar aikin, kuma a littafin tarihin aikinsa na 1979 ya tsallake shi. Mutumin da aka kusa kulle iyayensa saboda asalinsu, wanda aka hana shi sayen gida saboda fuskarsa, shi ne ya kalli baƙaƙen da aka killace a unguwa ɗaya ya ga ɓarnarsu kawai. Laifi tudu ne. Wannan ciwo muna da shi mu ma: baƙon da ya sha wuya ya haye, sai ya riƙa ganin duk wanda bai haye ba malalaci ne. Sau nawa ka ji ɗan uwanmu da bai shekara biyar a ƙasar nan ba yana zagin baƙaƙen Amurka, bai san komai ba game da dokokin da suka yi musu ƙawanya shekara da shekaru?

Yanzu bari mu koma ga Yamasakin da ya cancanci yabo, don akwai shi. A wajajen 1954 gyambon ciki ya kusa kai shi lahira, aka yi masa tiyata. Da ya farfaɗo sai aikin ƙaramin ofishin jakadancin Amurka a Kobe ya kai shi Japan, ya kuma zagaya Italiya da Indiya, ya ga Taj Mahal. Ya dawo da ra'ayin cewa akwatunan gilashi da ƙarfe da ake yayi a Amurka sun bushe, ba sa ba ɗan Adam komai. Ya ce gini ya kamata ya ba mutum natsuwa, ya ba shi mamaki, ya faranta masa rai. Wanda yake son ganin abin da yake nufi ya je Jami'ar Wayne State a Detroit ya ga zauren taro na McGregor da aka gama a 1958. Ƙaramin gini ne fari, rufin tsakiyarsa gilashi mai kusurwa uku-uku da ke zubo haske, a gabansa tafki mai duwatsu da wurin zama. Kana fitowa daga hayaniyar titi sai ka ji kafaɗunka sun sauka. A nan mutumin ya yi abin da ya faɗa.

'Yan uwanmu na Saudiyya kuma suna da nasu rabon. Shi ya zana ginin filin jirgin saman Dahran da aka gama a 1961. A lokacin da ake ta kwafo ginin Turai ana dasawa a hamada, shi sai ya jera bakuna masu tsini na kankare irin na masallatai, ya yi wa hasumiyar kula da jirage siffar hasumiyar kiran salla. Mahukuntan ƙasar sun ji daɗinsa har suka buga hoton ginin a takardar riyal, daga baya kuma suka ba shi hedikwatar hukumar kuɗi ta ƙasar a Riyad. Kada alhazai su rikita shi da rumfunan tashar alhazai ta Jidda. Wannan aikin wani kamfanin Amurka ne daban, da injiniya Fazlur Rahman Khan ɗan Bangladesh. Manyan masu sharhi na New York sun raina wannan salo na Yamasaki, suna ganin ado ne irin na leshi da aka yafa wa gini. Ni a nan ina bayansa. Mutanen da suka fito daga ƙasar da ake zana fuskar soro da hannu ba za su ɗauki ado a matsayin zunubi ba. Inda adon ya fito daga ƙashin ginin, kamar bakunan Dahran da su ne ke ɗauke da rufin, ya zauna daram. Inda aka manna shi daga waje, kamar a wasu ayyukansa na baya, nan ne ya yi kama da kwalliyar biki.

Wannan suna ne ya sa Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta New York da New Jersey ta zaɓe shi a 1962, ta tsallake manyan da suka fi shi suna. A Janairun 1963 hotonsa ya hau bangon mujallar Time. Abin da hukumar ta nema shi ne ofisoshi masu faɗin ƙafa murabba'i miliyan 10 a kan eka 16. Ya gwada samfuri sama da ɗari kafin ya tsaya a kan benaye biyu. Shi wajen hawa 80 ya so, masu kuɗi suka ce sai dai mafi tsawo a duniya, aka kai 110: na arewa mita 417, na kudu 415. Aka yanke kintinkiri ranar 4 ga Afrilu 1973. Abin dariya, mai zanen yana tsoron tsawo. Shi ya sa tagoginsa inci 18 ne kacal a faɗi, ba su kai kafaɗar ƙato ba, don wanda ke ciki ya ji a tsare yake. Ginshiƙan ƙarfen da ke tsakanin tagogin, bisa lissafin injiniya Leslie Robertson da abokan aikinsa, su ne ke tare iska suna ɗaukar kaso mai yawa na nauyin ginin, sai ciki ya zama fili ba ginshiƙi. A ƙasa kuma ginshiƙan suna haɗewa uku-uku su ba da baka mai tsini, ɗan uwan na Dahran.

Ga wani abu da ban cika jin ana faɗa ba. A tagwayen benayen ma lif ba ya kai ka ƙofarka kai tsaye. Babban lif mai gudu zai sauke ka a hawa na 44 ko na 78, ka canza zuwa ƙarami, kamar yadda muke sauka daga jirgin ƙasa mai tsallake tashoshi mu shiga mai tsayawa ko'ina. Dabarar 'yar uwar ta St. Louis ce, daga hannun mutum ɗaya. A can ta zama tarko, a nan ta zama abin koyi da dogayen benayen duniya ke kwaikwaya har yau. Bambancin shi ne a New York akwai makanikai da masu gadi da masu shara dare da rana, kuma ba a ce wa ma'aikacin banki ya ƙarasa da ƙafa ba.

Duk da haka kuskuren St. Louis ya biyo shi. Kafin a kafa tubalin farko sai da aka share wata unguwar 'yan kasuwa da ake kira Radio Row, ɗaruruwan ƙananan shaguna na masu sayar da kayan rediyo da lantarki, aka toshe titunan da suka ratsa wurin. A madadinsu ya shimfiɗa farfajiya mai eka biyar wadda ya yi fatan za ta zama wurin hutawar jama'a. Iska ta hana. Mutane suka gwammace su bi ta kasuwar ƙarƙashin ƙasa. Sau biyu ke nan yana zana wa jama'a wurin taruwa yana mantawa da abin da ke tara su, wato mai shago, mai abinci, da hanyar da mutum zai bi don wata buƙata tasa. Mutumin da ya yi wa'azin natsuwa da gini daidai girman ɗan Adam ya karɓi aikin da ba yadda za a yi ya ba da ko ɗaya. Ya san haka, ya karɓa. Ina jin ɗan ci-ranin da ya naɗe tangaran ba zai iya cewa a'a ga gini mafi tsawo a duniya ba, kuma ban tabbata ni zan iya ba.

Ciwon daji na ciki ya ɗauke shi ranar 6 ga Fabrairu 1986, yana da shekara 73, bai ga ranar Talatar nan ba. Benen kudu ya tsaya minti 56 bayan jirgi ya shige shi, na arewa minti 102, kuma a wannan tsakani mafi yawan waɗanda ke ƙasa da inda jiragen suka buga sun fita da rai. Binciken gwamnati ya nuna karon ya kankare abin da ke kare ƙarfe daga zafi, wuta ta yi laushi da shi. An soki yadda matakalu uku na kowane bene suka taru a tsakiya, har a benen arewa duk ukun suka yanke lokaci guda. Wannan darasi ne da ya canza dokokin gini. Amma jinin mutum sama da 2,700 yana wuyan waɗanda suka tuƙo jiragen. Cikin mamatan akwai ma'aikata fiye da 70 na gidan abincin Windows on the World da ke ƙololuwar benen arewa, masu girki da masu wanke-wanke da masu kai abinci, har da 'yan Ghana da 'yan Bangladesh, mutane irinmu da suka fito aikin safe.

Hukuncina a kansa ke nan. Gwani ne a ƙaramin gini, inda mai kuɗi ya sakar masa mara. A manyan ayyuka biyu da duniya ta san shi da su, wasu ne suka yanke girma da tsawo da kasafi, shi ya sa hannu, ya ƙara da nasa kuskuren na zana wa mutane zumunci a takarda ba tare da ya tambaye su yadda suke zama ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma matan Pruitt-Igoe sun faɗi inda yake yoyo tun kafin a kawo nakiya, ba a saurare su ba. Ranar da lif ɗin gidanku ya kwana uku a mace wani ya ce ai halin mutanen gidan ne, tambaye shi nawa aka ware don gyara a bana, kuma wa ya karɓa.

Wanda ya je gidan tarihin 11 ga Satumba a New York zai ga biyu daga ginshiƙan nan masu yatsa uku a tsaye a mashiga, sun yi tsatsa. Filin Pruitt-Igoe kuwa ya shafe shekaru da dama ba a gina komai a mafi yawansa ba, har bishiyoyi suka mayar da shi daji a tsakiyar birni. In hanya ta kai ka Detroit, ka ware rabin awa ka zauna a bakin tafkin McGregor. An gyara shi a 2013, ruwan yana nan.